Mai saye ya ce sai an haska garin cittata da radiyeshan, wa ya san kan abin nan?

Alh_Dawanau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman bayani a wajen masana na gidan nan. Ni sana'ata busasshiyar citta da barkono da zoɓo, ina tarawa ina ba masu fitarwa waje. To yanzu akwai wani da muke shirin fara hulɗa kai tsaye, ya turo sharuɗɗansa, a ciki har da cewa dakakken barkono da garin citta sai an haska su da radiyeshan an ba da takardar shaida kafin ya karɓa. Ni dai iya sanina radiyeshan abin gudu ne, shi ne na bam ɗin nukiliya, saboda shi ne ma ake hana mai ciki shiga ɗakin hoto a asibiti. Ta yaya kuma za a ce a yi wa abin da mutum zai ci? Ba na so in ci riba in kwashi alhakin bayin Allah. Wanda ya sani ya taimaka, sannan ana yi a ƙasar nan ko sai an fita da kayan?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Alhaji ni dai shawarata ka rabu da shi kawai, Allah zai kawo wani. Ciwon daji ya yi yawa yanzu a cikin mutane, yara ma ba su tsira ba, duk irin waɗannan abubuwan ne da ake yi wa abinci.

Sista_Rabi:
@Ummu_Hanan yi haƙuri 'yar uwa, in dai wannan ne to kin daɗe kina mu'amala da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce. In kin shiga kemis ki ce a nuna miki sirinji ko safar hannu ta tiyata ko wuƙar tiyata, ki juya bayan fakitin, za ki ga ɗan akwati an rubuta STERILE a ciki, a gefensa akwai harafi. In kika ga EO to da iskar gas aka kashe ƙwayoyin cutar, in kika ga R to radiyeshan ne. Kayan roba ba sa jure tukunyar tururin da muke dafa almakashi da sauran ƙarafa a ciki, lanƙwashewa za su yi, shi ya sa kamfani yake rufe su a leda ya zuba a kwali ya manne, sannan a wuce da kwalin gaba ɗayansa ta gaban hasken, ba mai sake buɗewa sai a gaban mara lafiya. Wasu kwalayen ma akwai ɗan sitika zagayayye a jiki, asalinsa ruwan ɗorawa ne, in ya sha hasken sai ya koma ja. Wallahi ba don irin waɗannan hanyoyin ba da har yanzu muna dafa sirinjin gilashi ana yi wa mutum goma allura da shi kamar zamanin iyayenmu.

Malam_Fiziks:
Alhaji ranka ya daɗe, tsoronka yana kan hanya, amma bari in raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa. Daban ne a ce haske ya ratsa abu ya wuce, daban ne kuma a ce garin sinadarin da ke fitar da hasken ya zuba a cikin abu. Na biyun shi ne bala'i, shi ne abin da ya faru a haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl. Na farkon shi ake nema a yi wa cittarka. Wanda aka yi wa hoton ƙirji a asibiti ai ba ya komawa gida ya riƙa haska iyalinsa, to haka kayan ma.

Yadda wurin yake kuwa, ɗaki ne da aka zuba wa kankare mai kaurin kusan mita 2, a tsakiyarsa akwai rijiya cike da ruwa mai zurfin kamar mita 6. A cikin ruwan ake ajiye sinadarin, sunansa kobalt-60, yana rufe ruf a cikin wasu siraran sandunan ƙarfe mara tsatsa har ninki biyu. In za a yi aiki kowa ya fita a kulle ƙofa, inji ya ɗago sandunan daga ruwa, kwalayen kaya su riƙa zagayawa a kan bel suna shan hasken gamma, in an gama a mayar da su ƙasan ruwa. Kayan ba sa taɓa kobalt ɗin ko kaɗan. Hasken yana kakkarya ƙwayar halittar bakteriya da ƙwari ne yadda ba za su iya hayayyafa ba, kuma ƙarfinsa bai kai ya mayar da citta ko roba mai fitar da radiyeshan ba. Ba ya ma dafa kayan, da ƙyar za ka ji sun yi ɗumi.

Ma'aunin sunansa gire, dubu ɗaya shi ne kilogire. Kayan asibiti da Sista ta faɗa galibi kilogire 25 ake ba su, kayan yaji irin naka har zuwa 10. A 1980 kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO da hukumar nukiliya ta IAEA ya ce abincin da aka haska har zuwa kilogire 10 ba shi da haɗarin guba, a 1983 aka shigar da shi cikin ƙa'idojin abinci na duniya.

Dan_Gwagwarmaya:
Malam duk mun ji, amma su waye a kwamitin? Ba Turawan ba ne? In abin lafiya lau ne me ya sa su a Turai ba su sake shi ba? Kuma ku bincika, a Ostireliya an taɓa haska abincin mage, maguna suka riƙa shanyewa ƙafafunsu na baya suka daina aiki. Kullum sai a kawo mana abu a ce ba komai, bayan shekara ashirin a dawo a ce ashe da komai.

Dr_Hajara_Abinci:
@Dan_Gwagwarmaya maganar magunan gaskiya ce, ba za a ɓoye ba. A 2008 abin ya faru, abincin da aka shigo da shi ne aka ba shi haske mai yawan gaske, ninkin ba ninkin abin da ake ba abincin mutane, kuma wasu magunan shi kaɗai suke ci safe da yamma. A 2009 Ostireliya ta hana haska abincin mage. Wannan ai shi ke nuna dole a tsaya a kan ma'auni, kuma dole a samu hukuma mai sa ido.

Turai kuwa ba su hana ba. Abin da dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta yarda a haska a duk ƙasashensu shi ne busassun ganyayyakin ƙamshi da kayan yaji, wato dai irin kayan Alhaji, da sharaɗin a rubuta a jikin fakiti. Wasu ƙasashen kamar Beljiyam da Faransa sun ƙara da wasu abubuwa, cinyoyin kwaɗi da suke ci ma ana haskawa sosai. Dalilin da ya sa aka fi yi wa yaji, ku duba yadda muke shanya barkono, a gefen titi, a kan kwalta, awaki su bi ta kai, kaji su yi tsalle a ciki, ƙura ta sauka. Ƙwayar cutar salmonela tana iya zama a busasshen yaji wata da watanni ba ta mutu ba, kuma yajin da ake barbaɗawa a tsire ko awara ba a sake dafa shi. In ka yi masa tururi ƙamshi da launi suna raguwa, in ka yi masa gas ɗin EO ɗin nan kuma Turai ta haramta shi a abinci, a 2020 riɗin Indiya mai ɗimbin yawa aka janye daga shaguna saboda shi.

Amma ba komai yake yi wa kyau ba fa. Madara tana canja ɗanɗano, abu mai maiƙo sosai yana iya yin ɗan wari, kuma wasu bitamin suna raguwa kamar yadda suke raguwa a girki.

Dan_Aliero:
Salamu alaikum. Ni abin da ya ja hankalina, an taɓa ce muna wanga abu shina hana albasa tsiro. Gaskiya ne? Don mu nan abin da ka kashe mu ke nan. Lokacin da munka cire albasa kowa ya cire, kasuwa ta cika ta batse, buhu ya faɗi ƙasa warwas. In kuma ka zuba ta rudu kana jiran tsada, damina na faɗuwa ta fara huda kore, wata ta ruɓe, kana ji kana gani abin da ka wahala a kai shina lalacewa.

Malam_Fiziks:
@Dan_Aliero gaskiya ne ɗan'uwa, kuma shi ne mafi ƙanƙantar ma'auni a duk harkar, tsakanin gire 50 zuwa 150 kawai, da albasa da dankalin Turawa da doya da tafarnuwa duk yana hana su tsiro. A Indiya akwai wani gari Lasalgaon a yankin Nashik, babbar kasuwar albasarsu ke nan, a nan gwamnatinsu ta gina wurin haskawa saboda albasa. Daga baya wurin ne ma ya buɗe wa mangwaron Indiya ƙofar Amurka a 2007, bayan shekara 18 ana hana shi shiga saboda ƙwari, gire 400 ake ba shi.

Sai dai sharaɗi, dole a yi shi cikin 'yan makonni bayan cirewa, tun idon albasar yana barci, in ta riga ta farka an makara. Kuma tsiro yake hanawa ba ruɓa ba, wadda ta ji ciwo wajen haƙa ko ba ta sha iska ta bushe ba za ta ruɓe ko an haska ta. Wadda aka haska kuma ba ta iri, in ka dasa ba za ta fito ba.

Issoufou_Galmi:
To Malam ai nan matsalar take. Mu nan Galmi albasarmu har Abidjan da Accra take zuwa, kowa ya san ta. Amma in wurin haskawar yana nisan kwana biyu a kamyo, ka biya lodi, ka biya saukewa, ka biya dawowa, ga zafi ga girgizar hanya, ribar da kake nema ta ƙare kan hanya. Indiya da ka ce ai kusa da kasuwar sunka gina shi. In ba a kawo shi tsakanin Galmi da Konni da Sakkwato ba, wanga zance na manyan 'yan kasuwa ne ba na manomi ba.

Dan_Aliero:
Wallahi ka faɗi gaskiya Issoufou.

Injiniya_Sola:
Ku bari in ɗan fitar da ku daga kicin. Ni haɗa sola nake yi, kuma wayar sola ta kirki, wadda ake ja daga fanel zuwa inbata, da yawanta in ka karanta takardarta za ka ga an ce robar jikinta an gasa ta da hasken ilektron, wato radiyeshan da injin lantarki ke fitarwa. Na gwada da idona, ka ɗauki guntun wayar gida ta yau da kullum ka kanga mata ayan na soda, nan take robar za ta narke ta ja baya ta bar jan ƙarfen tsirara. Ita kuwa waccan sai dai ta yi baƙi a wurin amma ba ta zuba. Shi ya sa take shekaru a kan kwano cikin ranar Maiduguri ba ta tsattsage ba. Masu sa wayar gida a kan rufi don arha su ke jawo wa mutane gobara.

Kabiru_Waya:
Oga kenan duk kebul ɗin da aka rubuta XLPE radiyeshan aka yi masa? Irin na ƙarƙashin ƙasa mai sulke?

Injiniya_Sola:
A'a Kabiru, manyan nan masu kauri galibi da sinadari ake yin nasu, don hasken ilektron ba ya ratsa abu mai kauri sosai. Siraran wayoyi ne aka fi yi wa, na sola, na cikin injin mota, na jirgi. Sannan robar nan da kuke zura wa waya in kun yi joyin, ku kanga mata laita ta tsuke ta kama wayar gam, ita ma aikin radiyeshan ce. Ana haska ta tukuna zaren robar ya sarƙe da juna, sai a ɗumama a buɗa ta a bar ta ta huce a buɗe, ranar da ta sake jin zafi sai ta koma girmanta na asali. Wani kamfanin Amurka Raychem ne ya fara wannan sana'a tun 1957. Kamfanonin taya ma musamman na Japan suna haska wasu shimfiɗun robar kafin a haɗa tayar.

Kabiru_Waya:
Ikon Allah, kullum tana cikin jakar aikina.

Baba_Mai_Wake:
Ni dattijo ne a harkar wake, ku ba ni dama in ce wani abu. Ana ta tsoron haske, amma gubar da muke ci da hannunmu fa? Wa bai san ana zuba fiya-fiya a buhun wake ba? A 2015 Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu saboda maganin ƙwarin da suka samu a ciki ya wuce ƙa'ida, su suka daina ci, mu muka ci gaba da ci da 'ya'yanmu. Ummu_Hanan 'yata, in kina neman abin tsoro a abinci to ga shi nan a kasuwar unguwarku. In haske zai kashe ƙwaron ba tare da ya bar komai a waken ba ni ina maraba da shi.

Manomi_Zalla:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wake ba sai an kai shi nukiliya ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka busar da wake sosai ka zuba ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da kansa zai mutu don ba iska. Manomi zai iya saya a kasuwar ƙauye.

Dr_Hajara_Abinci:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Rashin barin komai a jikin wake shi ne kyawunsa kuma shi ne rauninsa, yana kashe ƙwaro da ƙwansa na ciki a ƙasa da kilogire 1, amma in ka fito ka zuba a buhun da ba ya rufuwa ka jingine kusa da tsohon wake, sabon ƙwaro zai shiga washegari. Don haka ko an haska sai an rufe da kyau. Manomi da rumbunsa buhun ya fi masa, mai cika kwantena kuma lissafinsa daban.

Alhaji kai kuma ga abin da nake so ka riƙe, haske ba ya wanke kaya marasa kyau. In citta ko barkono ko gyaɗa suka yi funfuna tun wajen shanya, gubar afalatoksin ta riga ta zauna a ciki, hasken zai kashe funfunar amma gubar tana nan daram, kuma za su auna ta a can su dawo maka da kaya. Haka tsakuwa da kashin ɓera da ragowar maganin feshi. Aikin yana farawa ne daga tamfol mai tsabta da busarwa har ta yi ƙaras.

Alh_Dawanau:
Hajiya Dakta na gode ƙwarai, wannan ta shige ni. To saura tambayata ta biyu, ina ake yi?

Abba_Kwali:
Alhaji akwai a Sheda, nan ƙaramar hukumar Kwali a Abuja, kan hanyar Lokoja. Tun zamanin Obasanjo aka kafa wurin haskawa da gamma a can, na gwamnatin tarayya ne. Ka tuntuɓe su kai tsaye ka ji yadda suke karɓar kaya da irin takardar da suke bayarwa kafin ka yi wa mutumin alkawari.

Zango_Boy_Kumasi:
Mu ma Ghana muna da shi, a Kwabenya cikin Accra, wajen hukumar atomik. Tun shekarun 1990 yake.

Sani_ABU:
Ba na Zariya ba ne ake nufi? Ai muna da riyakta, wato injin nukiliya, a Samaru.

Malam_Fiziks:
@Sani_ABU wancan daban ne. Na Zariya ƙaramin riyakta ne na bincike, ya fara aiki a 2004, ana auna sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da shi a 'yan ƙananan samfura, ba a kai masa buhu.

Kuma akwai abin da ya kamata a sani game da irin na Sheda da na Kwabenya. Kobalt-60 ƙarfinsa raguwa yake yi ko ana aiki ko ba a yi, duk shekara 5 da 'yan watanni yana komawa rabi, wato kusan kashi 12 cikin ɗari a shekara. Ba a haƙo shi a ƙasa, a cikin riyakta ake yin sa, ƙasashe kaɗan ne ke sayarwa irin su Kanada da Rasha, da dala kuma. In ba a ƙara sabo a kai a kai, aikin awa ɗaya sai ya koma na awa huɗu. Shi ya sa wurin ba ya biyan kansa sai kaya suna shiga dare da rana, a ƙasashen da abin ya kafu masana'antun sirinji da safar hannu ne ke riƙe shi, abinci yana raɓawa ne.

Injiniya_Sola:
To me zai hana a kawo na lantarkin, mai hasken ilektron ɗin nan? Shi ba kobalt a ciki, ka kashe makunni shi ke nan babu sauran haske.

Malam_Fiziks:
Shi duniya ta fi karkata yanzu, amma yana son wuta tsayayya mai ƙarfi wadda ba ta rawa, ka kuwa san halin da muke ciki. Kuma 'yan santimita kaɗan yake ratsawa a abu mai nauyi, sai dai a juya shi ya zama eksire, irin hasken hoton asibiti, in ana son ya ratsa babban lodi, wannan kuma ya fi shan wuta. Amma yana aiki iri-iri, a China a 2020 sun buɗe wata tasha a birnin Jiangmen da ke tace ruwan rini na masaƙa da shi, lita miliyan 30 a rana.

Yar_Sharada:
Wayyo Allah ina ma a kawo mana wannan. Duk wanda ya san Sharaɗa da Challawa ya san ruwan da ke fitowa daga kamfanonin fata, wari ba a magana, kuma da shi wasu ke ban ruwan lambu a ƙasa.

Dr_Hajara_Abinci:
Zai taimaka wajen rini da ƙwayoyin cuta ƙanwata, amma ruwan jima akwai sinadarin kuromiyam a ciki, shi ƙarfe ne, haske ba ya ɓatar da ƙarfe, sai an tace shi ta wata hanyar.

Gwangwan_Boss:
Ni tambayata daban ce. In injin ya tsufa ina ake kai kobalt ɗin? Don mu masu sayen ƙarafa komai kawo mana ake yi, tsofaffin injinan asibiti da na kamfani, yara su sa guduma su fasa.

Malam_Fiziks:
Yauwa, in ana maganar tsoro to nan ne wurinsa. Gire 5 kacal in ya game jikin mutum yana iya kashe shi, ka tuna yaji dubu 10 ake ba shi. A San Salvador a 1989 injin wata masana'antar haska kayan asibiti ya maƙale, ma'aikata uku suka shiga gyarawa alhali sandunan suna sama, ɗaya ya mutu. Na 'yan gwangwan kuwa, a birnin Goiania na Brazil a 1987 wasu mutum biyu suka ciro kan injin gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka bari, suka sayar wa mai gwangwan. Aka fasa aka ga gari mai walƙiya shuɗiya a duhu, aka riƙa rabawa 'yan uwa ana shafawa a jiki don sha'awa. Siziyam-137 ne, wani sinadari mai fitar da radiyeshan. Mutum 4 suka mutu har da yarinya 'yar shekara 6, sama da mutum dubu 100 aka auna, aka rushe gidaje. A 2010 ma an yi irinsa a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi, da kobalt-60, mutum ɗaya ya mutu.

A ƙa'ida tsohon kobalt mayar wa wanda ya sayar ake yi. Kai dai ka gaya wa yaranka, duk ƙarfen da suka ga ƙarami amma nauyinsa ya wuce misali, ko da dalma a jiki, ko alamar nan mai kama da farfelar fanka mai fuka-fuki uku a kan ruwan ɗorawa, kar su fasa, kar su sa a aljihu, kowa ya matsa nesa a kira hukumar NNRA, ita ke kula da wannan a Najeriya.

Gwangwan_Boss:
Innalillahi. Yau ɗin nan zan tara su in nuna musu alamar. Don Allah wani ya turo hotonta a nan.

Welda_PH:
Na tura maka ta inbox. Mu a aikin bututun mai kullum muna tare da masu ɗaukar hoton walda, da wata 'yar tukunya mai nauyi suke zuwa, iridiyam-192 ne a ciki, su naɗa fim a jikin joyin su zagaye wurin da igiya su kori kowa, da dare ma suka fi yi. Ko ƙaramar ƙofa ce a cikin waldarka sai ta fito a fim, a sa ka yanke ka sake. Kowannensu da ɗan bajo a ƙirji mai lissafa abin da jikinsa ya sha.

Moussa_Arlit:
Mu mutanen Arlit in anka ce radiyeshan gabanmu faɗuwa yakai, don mun zauna da ƙurar yuraniyom shekara da shekaru, har tsoffin ƙarafan ma'adinai sun shiga kasuwa mutane sun yi kayan gida da su. Na gane bambancin da Malam ya yi, namu ƙurar ce da kanta, na Alhaji haske ne ya wuce. Amma kar a ga laifin wanda ya ji tsoro.

Ummu_Hanan:
Na gode Malam Moussa. Na karanta duka, na yarda da na sirinji da waya, wannan ba ci ake yi ba. Na abinci dai har yanzu raina bai kwanta ba. Abin da nake roƙo a rubuta a jiki, mai so ya saya mara so ya bari, kar a haɗa mana a mudu ba mu sani ba.

Sista_Rabi:
Wannan haƙƙinki ne Maman Hanan. Akwai ma tambarinsa, kore ne zagayayye da ɗan tsiro mai ganye biyu a tsakiya.

Dan_Gwagwarmaya:
A mudu wa zai manna miki tambari? Ni matsalata ke nan tun farko, ba ilimin ba, masu sa idon.

Alh_Dawanau:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na yi magana da mutumin ɗazu, ya ce in ba a samu yi a nan ba zai iya karɓa a haka a haska a can ƙasarsu, amma zai zabge kuɗin daga farashina, kuma duk da haka sai na kawo sakamakon gwajin afalatoksin daga nan. Yanzu lissafi nake, kuɗin mota zuwa Abuja da dawowa Legas da kuɗin haskawar, ko in bar shi ya cire.

Dr_Hajara_Abinci:
Alhaji kafin ka yanke, ka tambaye shi ko hukumar ƙasarsu tana karɓar takardar kowane wuri, don Turai sai wurin da su suka tantance suka sa a jerinsu. Kar ka biya a nan a sake sa ka biya a can. Kuma in cikin masu sayenka akwai mai neman kaya da shaidar oganik, wato waɗanda aka noma ba takin zamani ba maganin feshi, shi ba ya karɓar wanda aka haska sam, sai ka ware nasa.

Baba_Mai_Wake:
Alhaji in ka samo farashin kowane tan ka sanar da mu a nan, akwai mu da yawa a layin wake da riɗi da za mu so mu ji, ko haɗa lodi ne a yi mota ɗaya.

Issoufou_Galmi:
Har da na albasa a tambayo muna don Allah, da ko suna karɓar kaya daga Nijar.